Aba, Shagamu, Uyo: Wane Gari Ne Zai Tashi a Kudu Bayan Legas?

Idan mutumin Arewa ya ce zai gangara Kudu neman abin kansa, kusan kullum Legas yake nufi, in ya kauce mata kuma sai Badun ko Fatakwal. Haka ma tunanin masu tsara tattalin arzikin ƙasar nan yake: tashar jiragen ruwa ta Lekki, matatar Ɗangote mai tace ganga 650,000 a rana, sabuwar hanyar gaɓar teku da za ta nufi Kalaba, duk daga Legas suke farawa. Amma direbobin tirela da 'yan gwari da dillalan shanu sun riga 'yan boko gane cewa kaya masu yawa da ke tashi daga Dawanau da Potiskum da Illela ba sa ganin Legas da ido. A hanya ake sauke su, a Shagamu da Akure da Asaba da Aba da Owerri da Uyo da Abakaliki, garuruwan da ba su kai manya ba, sun kuma wuce a kira su ƙanana. Rabon da a ƙidaya jama'ar ƙasar nan tun 2006, amma ba sai an yi ƙidaya ba kafin a ga yadda gonakin rogo da na kwakwar manja ke komawa unguwanni a gefen waɗannan garuruwa. Za su ƙaru da mutane, wannan babu musu. Abin tambaya shi ne wanne zai yi arziki, wanne kuma zai kumbura kawai. Ra'ayina shi ne garin da ke ƙera abin da ake saye a wajen iyakarsa, yake kuma barin baƙo ya kwana da dukiyarsa hankali kwance, shi ne zai tashi. Wanda kuwa ya jingina da gidan gwamna da kason wata-wata daga Abuja, zai yi kyan gani na ɗan lokaci sannan ya tsaya cik.

Da yawa daga cikin waɗannan garuruwa alƙalamin soja ne ya ɗaga su. A 1976 Abeokuta da Akure da Owerri suka zama manyan biranen jiha, Uyo ta biyo baya a 1987, sai Asaba da Awka da Umuahia da Osogbo a 1991, sannan Abakaliki da Ado-Ekiti da Yenagoa a 1996. Duk inda aka ajiye gwamna, abin da ke biyo baya iri ɗaya ne: sakatariya, gidajen kwamishinoni, jami'ar jiha, babban asibiti, bankuna, otal-otal, sai masu gidajen haya da ke jiran ƙarshen wata. Mu a Arewa ba sai an yi mana bayani ba, domin mun ga yadda Dutse da Damaturu da Birnin Kebbi da Gusau suka canja kama ta wannan hanya. Matsalar ita ce kuɗin da ke juyawa a irin wannan gari ba gumin garin ne ya samar da su ba, aiko su ake yi, kuma ranar da aiken ya ragu kowa zai ji a jikinsa. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi a 2015, jihohi da dama sun kasa biyan albashi har sai da gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto, a Osun kuwa manyan ma'aikata sun ɗauki lokaci mai tsawo suna karɓar rabin albashi. Mai sayar da shinkafa a Osogbo bai san komai ba game da kasuwar mai ta duniya, amma ita ce ta kwashe masa masu saye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kason jihohi ya ƙaru sosai, shi ya sa ake ganin gadojin sama da fitilun titi suna tashi ko'ina. Kada wannan ya ruɗe mu, domin tushen kuɗin bai canja ba.

Kalaba ce ta fi nuna inda wannan hanya ke ƙarewa, kuma abin takaici ne domin masu mulkinta na lokacin sun yi tunani fiye da takwarorinsu. A zamanin Gwamna Donald Duke, tsakanin 1999 da 2007, an tsabtace garin, an fara bikin kalankuwa na watan Disamba, an kuma gina Tinapa, wadda aka buɗe a 2007 da niyyar ta zama kasuwar da ba a biyan kuɗin fito, inda ɗan Najeriya zai sayi abin da yake zuwa Dubai nema. Gine-ginen sun tashi, amma aka shiga jan-in-ja da hukumar kwastan kan ka'idojin shigo da kaya, mashigin ruwan Kalaba bai da zurfin da manyan jirage ke buƙata, hanyar Kalaba zuwa Itu kuma ta zama azaba ga masu motoci. Manyan shagunan suka zauna fayau, bashi ya yi wa aikin katutu. Ana cikin haka, bayan miƙa Bakassi ga Kamaru, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2012 wanda ya raba Kuros Riba da rijiyoyin mai 76, suka koma hannun Akwa Ibom. An gina wurin sayar da kaya a garin da ba ya ƙera kayan, ba shi kuma da hanyar shigo da su cikin sauƙi, aka kuma ci bashi bisa tsammanin kuɗin da hukunci guda na kotu zai iya ɗaukewa.

A dubi Aba da Nnewi, waɗanda babu gwamnan da ke kwana a cikinsu. Aba ta girma ne a kan layin dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Fatakwal zuwa ma'adinan kwal na Inugu, ta zama matattarar manja da kwara, daga baya kuma ta koma garin masu ɗinki da masu takalma. Duk wanda ya san kasuwar Ariaria ya san layukan da mutane ke zaune da gam da keken ɗinki suna haɗa takalma da jakunkuna da bel, masu saye kuma suna zuwa daga Kamaru da sauran ƙasashen maƙwabta, har da 'yan kasuwarmu na Kano da Maiduguri. Nnewi kuwa bayan yaƙin basasa ta tashi, lokacin da mutanenta suka koma gida kusan hannu rabbana, suka kama cinikin kayan gyaran babur da mota a kasuwar Nkwo. Daga shigo da kayan daga Japan da Taiwan sai wasunsu suka fara sayo injunan da ke ƙera su, a shekarun 1980 masana'antu suka fara tsirowa a garin, yau kuma akwai kamfanin waya na Cutix da masana'antar motoci ta Innoson da Innocent Chukwuma ya kafa. Abin da ya riƙe wannan tafiya shi ne tsarin da Bahaushe zai gane nan take, wato yaro ya yi wa maigida hidima shekaru yana koyon sana'a, ranar yaye kuma maigida ya ba shi jari ya buɗe nasa shagon, kamar yadda ake yi a Kantin Kwari da Singa. Waɗannan garuruwa biyu sun yi shekaru da shekaru tituna a farfashe, magudanai a toshe, wuta sai ta janareta, amma kasuwa ba ta mutu ba, saboda masu sayen kayansu ba sa jiran albashin kowace gwamnati guda.

Abin da ya daɗe yana danne su shi ne wutar lantarki, kuma a nan ne aka sami canji na haƙiƙa. A watan Fabrairun 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya buɗe tashar wutar Geometric a Aba, aikin Farfesa Barth Nnaji, wanda aka tsara ya samar da megawat 188 ya kuma raba wa ƙananan hukumomi tara na jihar Abiya ba tare da dogaro kacokan da babban layin ƙasa ba. Kusan shekara ashirin aikin ya ɗauka, wani kaso mai yawa na jinkirin kuma rigima ce kan wa ke da ikon raba wuta a Aba bayan sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013. Har yanzu samun iskar gas kan kawo cikas, masu shaguna kuma na kukan tsadar kuɗin wuta. Duk da haka, mai takalmin da zai kunna injin ɗinki da wutar layi maimakon fetur ya sami abin da kakanninsa a sana'ar ba su samu ba. Doka ma ta buɗe ƙofa: gyaran kundin tsarin mulki da Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, da Dokar Wutar Lantarki da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, sun ba jihohi ikon samarwa da rarrabawa da sa ido kan wuta a cikin iyakokinsu, jihohi irin su Inugu da Ondo da Ekiti kuma suka yi saurin karɓa. Gari matsakaici ya fi Legas cin moriyar wannan, domin tasha guda ta iya canja rayuwar masana'antunsa gaba ɗaya, abin da ba zai yiwu ba a birnin da buƙatarsa ta kai dubban megawat.

Mai suka zai ce duk wannan mafarki ne, Legas za ta haɗiye kowa. Bankuna a can suke, tashoshin ruwa a can, masu ilimi kuma can suke gudu, kuma ko'ina a duniya kuɗi na bin inda kuɗi suke. Zai ƙara da cewa masana'antun jihar Ogun da ake alfahari da su, na Agbara da Ota da Shagamu, Legas ce kawai ta yi ambaliya, kamar yadda mazauna Mowe da Ibafo ke kwana a Ogun suna wayar gari a Ikeja. Akwai gaskiya mai yawa a nan, ba kuma zan rage ta ba. Nestle bai kafa masana'antunsa a Agbara da Shagamu don son Ogun ba, ya kafa ne don ya tsaya kusa da masu saye da tashar ruwa, a inda fili ya fi araha. Jirgin ƙasan Legas zuwa Badun da aka buɗe a watan Yunin 2021 ma ya ƙara jawo Abeokuta jikin Legas. Amma wannan hujja tana goyon bayana fiye da yadda take rushe ni. Legas ita ce jiha mafi ƙanƙantar fili a ƙasar nan, ruwa ya kewaye ta, haya ta fi ƙarfin ma'aikaci, cunkoso na cinye sa'o'in aiki. Duk birnin da ya kai wannan matsayi yakan fara tura ayyukan da ke buƙatar fili da arhar ma'aikata zuwa waje, garin da ya shirya da wuta da hanya da takardar mallakar fili wadda ba sai an yi shekaru ana bin ta ba, shi zai karɓa. Shagamu ta amfana ne saboda tana kan mahaɗar hanyar Badun da ta Benin, ga simintin da aka daɗe ana yi a yankin.

Garuruwan gabas kuwa ba su da Legas a kusa, amma suna da juna. Anaca da Asaba da Nnewi da Awka kusan sun haɗe, haka nan Aba da Owerri da Umuahia da Uyo da Fatakwal duk tafiyar 'yan sa'o'i ce tsakaninsu idan hanya na da kyau. Wannan yanki na cikin mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, wato kasuwa ce babba da aka yayyanka da munanan hanyoyi da shingayen bincike. Sabuwar gadar Kogin Neja mai tsawon kilomita 1.6, wadda aka buɗe a watan Mayun 2023, ta rage wa tsohuwar gadar 1965 nauyi. Abin da ya rage shi ne tashar ruwa. Rashin hankali ne a ce ɗan kasuwar Anaca ko Aba ya sauke kwantenarsa a Apapa ya jawo ta ɗaruruwan kilomita a mota, alhali ga tashar Onne kusa da Fatakwal, ga kuma Warri da Kalaba suna jiran a yashe mashiginsu.

Wani zai kafa hujja da Uyo da Asaba ya ce ai kuɗin gwamnati na iya gina gari. Suna iyawa, idan aka san abin da za a saya da su. Akwa Ibom na cikin jihohin da suka fi samun kason kashi 13 na mai, ta kuma shimfiɗa tituna masu kyau, ta gina filin wasa a 2014 wanda tawagar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta sha amfani da shi, ta kafa kamfanin jiragen sama na Ibom Air a 2019, wanda ya yi suna wajen kiyaye lokaci. Ba ƙaramin aiki ba ne. Amma tashar ruwa mai zurfi da aka daɗe ana alkawari har yanzu tana kan takarda, kuma idan ka tambayi abin da Uyo ke lodawa a mota ta aika wasu jihohi, amsar ba ta da tsawo. Asaba ta fi sa'a, domin 'yan kasuwar Anaca da ke neman wurin zama mai natsuwa sun tsallako kogi sun gina gidaje, masu shirya finafinan Kudu kuma sun mayar da ita sansaninsu saboda arha. Waɗannan biyun kuɗi ne da ke shigowa daga aljihun masu zaman kansu, su ne kuma za su riƙe garin ranar da kason Abuja ya sake raguwa. Abakaliki ma, duk da gadojin kankare da tsohon gwamna David Umahi ya cika ta da su, injunan casar shinkafarta ne suka sa aka san sunanta a kasuwannin ƙasar nan tun kafin a ƙirƙiri jihar Ebonyi.

Suka mafi nauyi ita ce ta tsaro, kuma a nan ne sharaɗi na biyu, wato baƙo, yake shigowa. Tun watan Agustan 2021 dokar zaman gida ta ranar Litinin da 'yan IPOB suka ƙaƙaba ta riƙa rufe kasuwannin kudu maso gabas, kwana guda a kowane mako, a yankin da ba shi da abin dogaro sai ciniki. Aba ta taɓa ganin irin wannan a 2010, lokacin da masu garkuwa da mutane suka sa bankuna rufewa, masu hali suka gudu, har sai da aka tura sojoji. Ta farfaɗo, amma wasu da suka tafi ba su dawo ba. Garin kasuwa da baƙi yake rayuwa, da mai kawo kaya da mai zuwa saye, kuma baƙo ba ya kai dukiyarsa inda yake tsoron ransa. Hausawa sun san wannan da jininsu. Fataucin goro ne ya kafa Sabon Shagamu, amma a watan Yulin 1999 rikici ya ci rayuka a can, ramuwar gayya kuma ta biyo baya a Kano. A watan Fabrairun 2021 aka ƙona kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, tumatir ya yi tsadar da ba a saba gani ba a can yayin da yake ruɓewa a hannun manoma a nan. A watan Maris na 2025 kuma aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano domin yin Sallah. Ba na musun cewa mutanen waɗannan yankuna na da kuka na gaskiya kan masu garkuwa da ke fakewa a dazukansu, wasu daga cikin masu laifin kuma daga Arewa suka fito, sarakunan Hausawa na zangunan Kudu irin su Sabo da Ama Hausa da Lokpanta kuma wajibi ne su san wanda ke kwana a zangonsu su kuma miƙa ɓata-gari. Amma garin da ke hukunta ƙabila a madadin mai laifi yana korar masu kawo masa abinci da masu sayen kayansa a lokaci guda. Inugu ta shekarun 1950 ta zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani dillalin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinta, kuma a lokacin tana kan ganiyar tashenta. Hukuncin nan kuma ya hau kanmu, domin ɗan kasuwar Nnewi da ke sayar da kayan gyara a Sabon Garin Kano ko Zariya baƙo ne da haƙƙinsa ke wuyanmu.

Akwai cikas guda da ba a cika magana a kansa ba: babu ɗaya daga cikin garuruwan nan da ke da hukuma guda mai kula da shi a matsayin gari. Aba ta bazu cikin ƙananan hukumomi da dama, kowacce da shugabanta da masu karɓar harajinta, babu mai alhakin magudanar da ta ratsa su duka. Fili kuma, bisa dokar 1978, a hannun gwamna yake. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 da ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye bai warware wannan ba. A yankin da zaizayar ƙasa ke cinye gidaje, kamar Nanka da Agulu a Anambra, inda kuma ambaliyar 2022 ta yanke Bayelsa daga sauran ƙasa, gini ba tsari na iya cinye ribar shekaru.

Mai karatu na iya cewa me ya dame mu da Aba alhali masaƙun Kaduna sun mutu, masana'antun Sharaɗa da Bompai da yawa kuma sun koma rumbunan ajiya. Ya dame mu domin waɗannan garuruwa su ne masu sayen abin da muke nomawa da kiwatawa. Kowane sabon ma'aikacin masana'anta a Shagamu ko Nnewi sabon mai sayen albasar Aliero ne da waken Dawanau da naman sa daga Maigatari. Matasanmu da Legas ta hana acaɓa a 2020 da 2022 ma ba duka suka dawo gida ba, wasu irin waɗannan garuruwa suka nufa. Sannan ga batun fata, wanda ya fi komai ba ni haushi: majemun Kano na jeme fatar da ake ji da ita a duniya su tura mafi kyawunta Turai, yayin da masu takalman Aba ke sayen fata da roba daga ƙasashen waje. Kano na da fata, Aba na da hannu, abin da ke tsakaninsu kuwa doguwar hanya ce cike da ramuka da masu karɓar na-goro. Layin dogon gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Aba da Inugu da Makurɗi da Kafanchan da Bauchi da Gombe har Maiduguri, shi ne ya taɓa ɗaukar gyaɗa da shanu ya gangara da su, ya hauro da manja da kwal. An ƙaddamar da aikin gyaransa a 2021, zuwa 2024 kuma yankin Fatakwal zuwa Aba, kimanin kilomita 62, ya koma aiki. Sauran layin yana kwance cikin ciyawa, 'yan majalisar tarayya na Filato da Bauchi da Gombe da Barno kuwa suna da dalilin matsa wa gwamnati lamba a kansa a kowane kasafin kuɗi daidai da na takwarorinsu na Abiya da Inugu.